Na Ciki ko Na Maƙalawa

Daura, Litinin

Zuwa ga 'yata Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya zafin Kano? Mu nan sai godiya.

Bayan haka, kada ki sayi rimot ɗin nan na sarrafa jirgin Babanku tukuna. Tun da Babanku ya yi ritaya ya kama ƙera ƙananan jiragen sama ban ce uffan ba, amma wannan zaɓin ya ishe ni. Da safe ya ce wanda na'urar aika umarni take a cikinsa ya fi, babu tarkace. Kafin la'asar ya koma kan wanda ake maƙala masa ita a baya, wai ya fi cin nisa. Har istihara ya sa ni. A kan abin wasa, Siddiƙa! Na yi, don ban ga inda aka hana ba, amma da kunya.

Yana cikin wannan jan ƙafa tsohon rimot ya yanke, jirgi ya tsallake katanga ya faɗa tukunyar alalar maƙwabciyarmu Rahama, ruwan zafi ya ƙona mata hannu. Matar da ta yi wa Inna, mahaifiyata, wankan gawa! Yanzu a taƙaice take amsa gaisuwata. Ina tsoron haƙƙinta, ina tsoron rasa ta.

Mahaifiyarki,
Ummukulsum

Daura, Juma'a

Siddiƙa, barka da Juma'a. Ya jikin yaran?

Ki sayi na maƙalawa, wanda ba ya aiki sai an sa masa na'urar.

Na je na ba Rahama haƙuri. Ta ce ta yafe ƙunar, amma ba za ta riƙa girki tana kallon sama ba. Da na dawo na tambayi Babanku ko abin maƙalawar yana ciruwa. Ya ce ƙwarai, har da murna, ya zaci na fara sha'awa. Ban yaudare shi ba, na ce a ɗakin Rahama za a ajiye, ranar da zai tafi gona hanyar Mashi don ya tayar da jirgin a can ya yi sallama ya karɓa. Ya amince a gabanta, ita kuma har ta yi dariya.

Yau kuma wai na ciki ya fi. In ya kira, ki gaishe shi da ladabi, ki ce kin riga kin saya. Don haka ki saya yau, kada ki yi wa mahaifinki ƙarya.

Allah ya yi miki albarka.
Ummukulsum