Na Koya Musu Sola, Sun Ƙwace Min Kasuwa

Anti Khadijatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, don kaina ya ɗaure, ban san wa zan gaya wa ba.

Ni mutumin Kaltungo ne, ina da ɗan shago a unguwar Bolari cikin garin Gombe inda nake haɗa wa mutane wutar sola. Bayan na gama bautar ƙasa na yi ta yawo da takardu har takalmina ya cinye, sai wani oga ya ɗauke ni ya koya min wannan aiki. Da na samu na tsaya da ƙafata, sai na dubi matasan layinmu, zaune a bakin tasha daga safe har yamma, babu aikin fari balle na baƙi. Na ce tun da sana'a ta fitar da ni daga talauci, su ma za ta fitar da su. Na fara koya musu kyauta duk Asabar, Musulmi da Kirista, ban ware kowa ba, ban kuma ɓoye komai ba.

To Anti, yau kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda na yaye sun buɗe shaguna kewaye da ni, suna karya farashi. Wanda ya fi ƙona min rai Matiyu ne, cocinmu ɗaya, ni na je har gidansu na lallashe shi ya zo koyo. Makon jiya wata makaranta a Dawaki da na daɗe ina bibiya ta ba shi aikin da aka yi min alkawari. Ya gan ni ranar Lahadi ya gaishe ni yana murmushi kamar ba komai. Ban san lokacin da na juya masa ƙeya ba. Matata tana da juna biyu, in aka ci gaba a haka shagon nan rufe shi zan yi.

Na kai kuka wurin tsohon ogana, ya yi min dariya, ya ce ni na jawo wa kaina. Wai tun kaka da kakanni mai sana'a ba ya zazzage wa ɗan koyo jakarsa duka. Ya ce in riƙa nuna musu ɗaura faifan sola da jan waya, amma in riƙe lissafin kaurin waya da ƙarfin batir da abin da ke kare gida daga gobara. Aikinsu zai riƙa lalacewa, dole a dawo wurina.

Sababbin ɗalibai za su fara Asabar ɗin nan. Cikinsu akwai Zulaihatu, marainiya ce, ita ke riƙe da ƙannenta. In rufe ajin, ko in bi shawarar oga? Wallahi ina jin kunyar tambayar, amma tsoro nake ji.

Mai Sola, Bolari

Ƙanena Mai Sola,

Ɓacin ranka yana da hujja, ba zan ce maka ka haɗiye kawai ba. Mai taimakon jama'a shi ma sai ya ci, yana da iyali, kuma wanda shagonsa ya mutu babu wanda zai ƙara koya wa komai. Sai dai ka duba ta ɗaya gefen. Matiyu bai yi sata ba. Abin da ka koya masa ya yi, ya fita neman na kansa. Laifinsa rashin kara ne, ya kamata ya zo ya shaida maka. Kuskurenka kuwa, ka koya musu aiki, ba ka koya musu kasuwa ba, shi ya sa duk kuka taru a kan tituna biyu kuna yanka juna.

Ka kira Matiyu ku biyu kaɗai, ka faɗa masa abin da ya yi maka ciwo, ban da gori. Daga nan ka tara waɗanda ka yaye, ku tsayar da farashin da ba wanda zai sauka ƙasa da shi. Manyan ayyuka ku riƙa nema a ƙungiyance, kai ne jagora, kai ke duba aiki kafin a kunna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma Gombe ba a Bolari ta ƙare ba. Manoman rani da asibitocin ƙauye a Dukku da Nafada suna neman irinku da fitila. In ajin ya yi maka nauyi, ka rage yawan ɗalibai, babu laifi.

Amma shawarar oganka, kada ka kusance ta. Waya ba miya ba ce da za a rage mata gishiri. Mai kuɗi a GRA ba zai kira sabon hannu ba, talaka ne zai kira shi saboda rahusa, a ɗakinsa wayar za ta yi zafi da yara a ciki. Ran da hakan ta faru, unguwa za ta zagi wanda ya ɗaura, kai kuwa ka san wa ya riƙe darasin.

Ka buɗe ajinka ranar Asabar, ka koyar da shi cikakke. Allah ya buɗa maka kasuwa, ya sanyaya maka zuciya.

Anti Khadijatu