Rantsuwar da Na Karya Saboda Maryama

Utaibiyya, Makka
14 ga Safar, 1446

Zuwa ga ƙanwata Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da Malam.

Kin san shekara ashirin da biyu ke nan ina riƙe da asibiti a zuciyata. Ba ki san dalili ba, yau zan faɗa miki. Matata Maryama a Sudan aka haife ta, kuma tana shekara bakwai aka yi mata kaciya, irin wadda ake ɗinkewa. Da muka zo nan fitsari ya fara yi mata wuya, na kai ta wani asibiti. Likitan da ya duba ta ya kira ɗalibansa su zo su gani, ba wanda ya nemi izininta. Muka fito. A bakin ƙofa na rantse da Allah ba za ta ƙara shiga asibiti ba ina raye.

Na yi karatun haɗa magunguna a Kano, ko da yake a nan keken tura alhazai takardata ta ba ni. Sai na ɗauka na isa. Duk sanda zazzaɓi ya kama ta, in sayo ƙwayoyi, in haɗa mata da zamzam. Ta ji sauƙi wata biyu, ciwon ya dawo. Ba ta taɓa cewa in kai ta ba, don tana tsoron ta sa ni kaffara.

Makon jiya ta faɗi a kicin. Na ciyar da miskinai goma, na sa ta a tasi zuwa asibiti.

Ki sa mu a addu'a.

Yayanki,
Tijjani

3 ga Rabi'ul Awwal, 1446

Hajara,

Bayan gaisuwa, na gode da saƙonki. An sallamo Maryama.

Allah ya haɗa mu da wata likita, Daktora Haifa, jikar mutanen Katsina ce, haihuwar unguwar Rusaifa a nan Makka. Hausarta a karye take, har Maryama ta yi dariya tana kwance. Amma da Hausar ta yi mata magana. Ta kira ta Inna, ta fitar da kowa, har ni. Ba ta taɓa ta ba sai da ta zana mata a takarda abin da za ta yi, ta tambaye ta ko ta yarda. Maryama ta ce tunda aka haife ta ba a taɓa tambayarta game da jikinta ba.

Aikin buɗe ɗinkin bai kai awa ɗaya ba. Jiya ta fito daga banɗaki tana kuka, ta ce ashe haka sauran mata suke yi, ba zafi, ba jira.

Na je in yi wa likitar godiya, na yi wa iyayenta addu'a. Ba ta zarge ni ba, ta dai nuna mini hoton da aka ɗauka. Ƙodar dama tana aiki, alhamdulillahi. Ta hagu ta mutu tun kusan shekara goma da suka wuce, lokacin da nake ba ta ƙwayoyina.

Yayanki,
Tijjani