Rabi Ba Ta Je Makarfi Ba

Laraba, bayan isha'i.

Ƙawata Rabi ta ce yau babu bitar jarrabawa, za ta Makarfi gaida kakarta. Na yarda.

Da la'asar Umma ta aike ni niƙa, wayarta tana hannuna. A ƙofar gidan su Zainab sai saƙonni suka fara shigowa, alhali ba mu da data. Ashe wayar ta kama waifai, wato intanet ɗin wayar Rabi, da kanta, don ta saba da shi. Shi kuwa ba ya nisa, iyakarsa bayan katanga.

Daga cikin gidan na ji Zainab tana cewa, "Gara da kika sallame ta, tambayarta ta yi yawa." Rabi ta yi dariya.

Gobe bencinmu ɗaya. Na san zan gaishe ta, har in tambaye ta jikin kaka.