Biri a Ƙofar Gidanmu

Bodinga, watan Rajab, 1372.

Zuwa ga Yaya Shaihu a Kumasi. Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah Ya ƙara albarka a fataucin goro. Mu nan lafiya lau, albasa ta yi kyau bana, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi.

Yaya, maganar ɗanka Lirwanu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun da ya gama makarantar Turawa aka yi shi malamin dabbobi, yana yi wa shanu allura a ƙasar Shagari. A wani suna a Lambara, Mainasara mai shanu ya matsa masa ya faɗi abin da aka koya masu. Yaron, da rashin wayo, ya ce littafinsu na cewa halittu sun yi ta sauyawa tun zamani mai nisa, har mutum da biri sun haɗa asali. Wallahi da labarin ya iso ni, tuwo ya fita raina. Mu jikokin Annabi Adamu a haɗa mu da mai ɓarnar gona!

Na kira shi na yi masa faɗa. Ya ce bai taɓa shakkar Allah ne Mahalicci ba. Ya ce Alƙur'ani ya faɗi an halicce mu mataki-mataki, shi kuma yana ganin Turawa sawun aikin kawai suka gano, ba su ga Mai aikin ba. Ban gamsu ba, har yau maganar ƙyama take ba ni. Amma sallarsa ba ta ragu ba.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne aikin mutanenmu. Ranar Juma'a muka tashi muka tarar da mushen biri a ƙofar gida, an sa masa hula, ƙudaje sun rufe shi. Inna ce ta fara gani, ta yi ta amai. Kuma masu shanu sun hana Lirwanu taɓa dabbobinsu, alhali cutar bushiya mai kashe shanu ta ɓulla wajen Dandin Mahe. Mainasara, mai cewa hannun jikan biri ba zai taɓa garkensa ba, jiya ya binne shanu har da na marayun ƙanensa. Fushi da kaza, huce a kan dami.

Lirwanu ya rame, yana cewa zai nemi a mayar da shi Kaduna. Ka rubuto masa, Yaya, maganar uba daban take. Ni dai ban yarda da littafinsa ba, amma a akushi ɗaya muke ci, a zaure, kowa na gani.

Ka gaida Sakinatu da Kabiru. Inna da Kulu suna gaishe ku.

Ƙanenka,
Na'Allah