Wankan Jego a Madrid

Litinin, 4 ga Agusta, 2025
Wa ya ce Turai sanyi ne? Na baro Ƙaraye ana marka, na sauka a Madrid kamar an tura ni cikin tanda. Nuruddeen, mijin autata Rumasa'u, da ke karatu a nan, wai yau ma da sauƙi. Jariri tubarkalla, ita kuwa ta rame. Tun da ta haihu ko sau ɗaya ba a gasa mata jiki ba. Gara da na taho da ganyen darbejiya da kanwa.

Laraba, 6 ga Agusta
Rana a nan ba ta san hanyar gida ba, sai na gaji da jiran magariba. Tagogi a rufe, titi shiru sai jiniyar motar asibiti. Yau aka fito da tsohuwar da ke ƙasanmu a lulluɓe, wai zafi ne ya kashe ta a ɗaki, ita kaɗai.

Alhamis, 7 ga Agusta
Mun fara wanka. Nuruddeen ya durƙusa yana ta kewaye-kewaye, wai likita ta hana ruwan zafi a wannan yanayi. Na ce ita likitar nawa ta haifa? Bakwai na haifa, duk da tafasasshen ruwa na miƙe. Abin da ban faɗa masa ba, tsoro nake ji kada sanyi ya shige ta, ta kumbura kamar Bahijja ta Unguwar Hajji, wadda ba ta ga arba'in ba.

Asabar, 9 ga Agusta
Rumasa'u ta faɗi. Ina cikin tsoma ganye ina fyaɗa mata, banɗakin ya turnuƙe da tururi, sai ta ce, "Umma, ba na gani." Ta sulale a hannuna, idanu sun juye. Na yi ta salati, na rasa da wane yare zan nemi taimako. Nuruddeen ne ya kira motar asibiti. Da ba ya gida fa?

Lahadi, 10 ga Agusta
Asibiti. Ƙarin ruwa. Nuruddeen bai zarge ni ba, ya ma kawo mini kujera. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Talata, 12 ga Agusta
An sallame mu. Yaya Tani ta bugo daga Rogo, ita da ta yi wa rabin matan garin wankan jego. Ta ce jiri ne kawai, kowace mai jego tana yi, kada in kuskura in fasa, in yarinyar ta kumbura alhakinta a wuyana. Gaba kura, baya sayaki. In na yi, zafi. In na bari, sanyi. Ni kuma ɗiyar nan ɗaya ce gare ni a cikin maza shida.

Juma'a, 15 ga Agusta
Na dafa ganyen kamar kullum. Rumasa'u ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bokitin a tsorace, amma ba ta yi musu ba, ta fara kwance zani. Ashe da na ce ta shiga, shiga za ta yi. Na ce ta je ta duba yaron tukuna. Kafin ta dawo na sirka, na ƙara sirkawa, har na tsoma hannuna zuwa gwiwa ban ji komai ba. Da ruwan ya taɓa ta sai ta ɗago ta dube ni. Na ce ta juya, ba kallona na kira ta ba.
Yaya ta sake bugowa, wai ana wankan dai ko? Na ce ana yi.