Ni ce nake zuba wa mijina "sha ka fashe" a kunu

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

A Agege muke zaune, mijina dillalin shanu ne a abbatuwa. Tun da na aure shi mai jiki ne, irin wanda in ya shiga motar haya ta danfo kwandasta zai ce, "Oga, kujera biyu fa," shi kuma ya yi dariya. Ni ban taɓa ganin aibun ƙibarsa ba, alfahari ma nake yi, don a wajenmu tumbin maigida shi ne shaidar matarsa ta iya girki. Bara ya fara haki in ya hau gadar Oshodi, sujada ta fara yi masa wuya, sai ya je asibiti. Da ya dawo ya zaunar da ni yana bayani kamar ɗan makaranta. Wai likita ya ce kitsen ciki ba a kwance kawai yake ba, akwai sinadarin da yake zubawa a jini mai gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, amma in kitsen ya yi yawa sai ƙwaƙwalwar ta daina jin saƙon, mutum ya yi ta ci, suga kuma ya rikice. Likitan ya ce masa ya dage da motsa jiki, kada ya damu da sikeli da farko, tsoka za ta ƙaru kitse ya ragu, wandonsa ne zai fara gaya masa gaskiya.

Bawan Allah ya sayi takalmin kambas. Kullum bayan Asuba sai ya miƙi hanyar Abule Egba a ƙafa, 'yan okada suna masa tsiya, "Alhaji, wa ya biyo ka?" Ya cika gwangwanaye biyu da siminti yana ɗagawa a tsakar gida. Kuma wallahi abin ya karɓe shi. Munshari ya ragu, wando ya fara zamewa, ran nan ya ture kwanon tuwo da saura ya ce, "Kin ga ikon Allah, yau na ji na ƙoshi." Rabon da in ga irin wannan farin cikin a fuskarsa na manta.

Sai ranar da ya kira Inna, mahaifiyarsa, ta bidiyo. Tana ganinsa ta rafka salati. "Wannan wace irin rama ce? Ciniki ne ya karye, ko ciwo kake ɓoye min? Ba ni matar taka." Na karɓi waya, ta ce, "'Yar nan, da ƙibarsa na ba ki ɗana. In riƙonsa ya gagare ki, ki gaya min." Shi dariya ya yi, ni kuwa maganar ta zauna min a ƙirji. Satin nan na je suna, na ji mata suna ƙus-ƙus wai karayar arziki ce ta same mu, wata ta ce ai da gani ba ya samun kulawa. Me ya hana ni toshe kunnena? Me ya hana in ce musu likita ne ya sa shi? Kunya ce ta rufe min ido. A wajen sunan wata mai sayar da kayan mata ta ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi, ta ce, "Na buɗe ciki ne kawai, amare ma shi suke sha." Sha ka fashe ne, maganin sa ƙiba. Na sani, ba zan yi muku ƙarya ba.

Na fara daka shi ina zubawa a kunun gyaɗar da yake sha in ya dawo daga tafiyar. Da hannuna nake miƙa masa, ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Cewa na yi kumatunsa kawai nake so su ɗan ciko in daina. Kumatun suka ciko, Inna ta yaba min, na ji daɗi na ci gaba. Sai yunwa ta dawo masa fiye da da, fuska ta kumbura, tumbi ya dawo, ƙafafu kuma suka sirance. Shi da bai san dawan garin ba sai ya ƙara nisan tafiya, ya ƙara nauyin gwangwani, yana dawowa jiƙe da gumi yana kallon cikinsa. Mutumin da a kasuwa yake faɗa da masu kumbura dabba da magani, yana cewa wannan ruwa ne ba nama ba, ga shi matarsa ta yi masa abin da ba ya yarda a yi wa shanu.

Watan jiya jiri ya kayar da shi a abbatuwa. Suga ya hau sosai, ga hawan jini. Likita ya yi ta mamaki, ya tambaye shi ko yana shan wani magani, ko na gargajiya ne. Ya rantse babu. Ina tsaye a wajen, na ɓoye gaskiyar. Da muka dawo gida ya ɗauki kambas ɗin ya ba maigadin layinmu. Ya ce min, "Na yi iya yina, jikina ne ba ya jin magana. Ki yafe min, na so in daɗe in ga auren yaranmu." Sai ya ƙara da cewa, "Kowa ya yi min dariya a kan tafiyar nan, ke kaɗai ce ba ki taɓa yi ba." Na shige banɗaki na toshe bakina da zani na yi kuka.

Na yi niyyar watsar da ƙwayoyin in yi shiru har abada. Amma na je kemis na yi tambaya kamar don wata ƙawata, mai kemis ɗin ya zaro ido ya ce wanda ya daɗe yana shan irin wannan ba a yanke masa lokaci ɗaya, yana iya kashe shi, likita ne kaɗai zai rage masa a hankali. To ina zan sa kaina? In na daina ina tsoron in kashe shi, in na ci gaba ina kashe shi a hankali, likita kuma ba zai taimaka ba sai ya san gaskiya. Yau da safe ma na zuba masa, ya shanye ya sa min albarka.

Ranar Litinin za mu koma asibiti, likita ya ce a zo da duk abin da yake sha. Na san in na faɗa aurena na iya mutuwa, kuma Inna ce za ta fara tsine min. Ba sakin ne ya fi ba ni tsoro ba, kallon da zai yi min ne. Ƙwayoyin suna cikin jakata. Don girman Allah, me zan yi?