Cokali Biyu na Gishiri

Talata, da yamma

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan babanku lafiyarsa lau, sai dai gwiwar nan tasa. Gwaggonka ta warke daga tari. Ni ma jikina ƙalau. Wadda ba ta da lafiya Auta ce, kuma abin da mijinta ya faɗa maka a waya rabin labari ne.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san sai da na yi jika na koyi riƙe biro. Na zaɓi takarda ne saboda duk sanda ka kira, mijinta yana tsaye kusa da ni.

Ka san tsiron nan na mahaifarta mai sa ta zubar da jini. Jiya da safe aka shiga da ita a cire shi. Ba yanka aka yi ba, wani siririn ƙarfe mai fitila aka zura, ana ta zuba ruwa ciki don likita ta riƙa gani. Ta shiga tana tsokanata, wai in sassauta wa carbi kada ya tsinke, kafin in shanye shayina ta fito. Azahar ta wuce ba ta fito ba. Da aka turo ta kuwa sai ciwon kai da amai. Ta dube ni ta tambayi nas wace ce wannan tsohuwar. Daga nan jikinta ya hau fizga, aka kore mu waje.

Likita ta same mu a baranda ta yi bayani. Ta ce ruwan wankin ne ya bi ta jijiyoyin da suka buɗe ya shiga jininta ya sirka shi, gishirin jiki ya yi ƙasa ƙwarai, shi ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ta ci gaba da magana mijin Auta yana gyaɗa kai, ni kuwa kalma ɗaya kunnena ya riƙe, gishiri. Na ce a raina, ashe maganin yana cikin gwangwani a kicin ɗina, suke ta ɗiga mata shi ɗis ɗis kamar masu rowa.

Yau da safe Auta ta farfaɗo har tana iya kurɓar ruwa. Nas ta fita ɗauko wani abu, mijinta ya je karɓo magani. Na kwance ƙullin gishirin da na zo da shi daga gida, na zuba cokali biyu a rabin kofi na ruwan ɗumi, na tallafo kanta na ba ta. Tana yamutsa fuska ina cewa daure, Auta, daure. Ta shanye saboda ni ce.

Da rana aka ɗebi jininta. Likita ta dawo fuska a ɗaure. Ta ce gishirin ya hau fiye da abin da suka sa a ledar ƙarin ruwan. Wai hawansa kamar matakala ne, ɗaya bayan ɗaya. In ya yi tsalle yana iya lahanta ƙwaƙwalwa, kuma ba nan take ake gani ba, sai bayan kwanaki harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara. Ta juya kan nas tana tambayarta ko ta taɓa saurin ledar. Baiwar Allah ta rantse har idonta ya kawo ruwa. Ina zaune da ragowar ƙullin a jakata, ban ce uffan ba.

Direban da ke zuwa wajenku zai tashi yanzu, dole in tsaya. Ka yi mata addu'a, ni ma ka yi mini.

Mahaifiyarka,
Inna

Alhamis, da hantsi

Ɗana,

Ina gaishe ka da iyalinka. Kowa yana nan yadda na faɗa maka.

Ban jira amsarka ba. Ina miƙa wa direba wasiƙar na dawo na tarar da nas tana gyara wa Auta matashi, idonta ja. Na yagi takarda na rubuta cewa ni na ba ta gishiri, cokali biyu, da ƙarfe tara. Na tsaya a ƙofar ofishin likita har ta fito, na miƙa mata. Ta karanta sau biyu. Tambayarta ɗaya, babban cokali ko ƙarami? Na ce na shayi. Ta ce, "Mama, da kin yi shiru da muna can muna lalube a duhu." Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Nan take suka canza ledar, ta kuma ba nas haƙuri a gabana. Ni ma na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, amma tun ranar in ta ga na taɓa jaka sai ta juyo.

Likita ta ce tunda gishirin Auta farat ɗaya ya faɗi, haɗarin bai kai na wanda ya daɗe da ciwon ba, amma ba za ta ce mun tsallake ba sai Lahadi. Yanzu aikina sauraron harshen Auta. In ta nemi mataji sai in yi kamar ban ji ba don ta maimaita. Jiya har ta ce ko kunnena aka yi wa aiki. Yau da safe ta ƙware da ruwa sau ɗaya. Nas ta ce kowa yana ƙwarewa. Ni dai tun lokacin ban iya sa komai a bakina ba.

Mijinta bai sani ba, babanku ma haka. Likita ta bar mini faɗin. Yaron nan shi ke jawo mini kujera yana cewa, "Inna, da ba ki nan da ban san yadda zan yi ba." Auta kuma ɗazu ta ce ta yi mafarki an ba ta ruwan teku ina riƙe da kanta. Na ce ta kwanta ta huta.

Na yanke zan faɗa musu ranar Lahadi, ko da wane labari likita ta zo. Ina son ka kasance kusa da ni. In aiki ya hana ka, ka aiko da amsa ta hannun direban kafin Asabar, ka gaya mini da wa zan fara, da ita ko da mijinta. Amma ka sani, in na ji harshenta ya fara nauyi kafin nan, ba zan jira ka ba. Zan faɗa mata tun tana iya ba ni amsa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Inna